Ƙafar Rabe Ta Riga Shi Shiga Ƙasa

Da sunan Allah nake farawa, Shi ke saukar da cuta, kuma a hannunsa magani yake. Sunana Hinde, a Batsari nake zaune, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Labarin jinyar ƙanena Rabe zan bayar. Ba don a tausaya mana na rubuta shi ba, tausayi mun sha shi har ya gundure mu. Na rubuta ne don wanda Allah zai jarraba gobe da irin tamu ya san inda aka yi mana sakiyar da ba ruwa. In maganata ta yi wa wani zafi, ya yi haƙuri ko kada ya yi, duk ɗaya ne a wurina.

Rabe mahauci ne, amma ba shi da rumfa. Tire yake ɗorawa a ka ya zaga gari da balangu, daga tasha zuwa bakin kasuwa, ya ratsa unguwanni har nama ya ƙare. Ƙafarsa ita ce jarinsa, da ita yake ci da matarsa Saude da yaransu ƙanana. Mutum ne mai sanyin hali, ko taka shi ka yi shi zai riga ka ba da haƙuri. Marigayiya mahaifiyarmu takan ce ni na kwashe bakin gidan duka ban rage masa komai ba.

Ranar da abin ya faru ya tafi wajen Runka sayen awaki. Suna dawowa da la'asar a cikin a-kori-kura, ɓarayin daji suka tare hanya suka buɗe musu wuta. Wasu nan take suka cika, wasu aka kora su daji. Shi harsashi ya same shi a ƙwaurin dama, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ya gangara cikin wani rami ya yi lamo har suka wuce, sannan mutanen gonaki suka ɗauko shi.

A ƙasa na same shi a asibiti, kan tabarma, don gado ya ƙare. Komai sai ka sayo: auduga, safar hannu, ƙarin ruwa, har allurar da za a tsira masa. Jini kuwa abokan sana'arsa mahauta ne suka yi layi suka bayar, Allah Ya saka musu. Kashegari aka sama masa gado, aka ɗauki hoton ƙashin. Likitan yaro ne, idonsa ja wur don rashin barci, amma bai ɓoye mini komai ba.

"Mama, ƙashin ya farfashe," in ji shi. "Mu nan wanke ciwo kawai za mu iya. Sai an kai shi birni an yi masa tiyata an sa ƙarfe. Ku hanzarta kafin infekshan ya shiga."

Wannan kalma ban taɓa jin ta ba. Na tambayi wata malamar asibiti, Malama Luba, ta ce mini ruɓa ke nan. Tun daga ranar kalmar ta zauna mini a kai, ko suya nake ina jin ta.

Abin da aka ce mu tanada na tiyata, ko an kife gidajenmu an kakkaɓe ba zai fito ba a rana ɗaya. Duk da haka na ce a fara sayar da abin da ke akwai. Muna cikin wannan shawara sai aka yi sanarwa a rediyo cewa gwamnati ta kafa kwamiti. Waɗanda suka rasu za a ba iyalansu diyya. Masu munanan raunuka za a kwashe su zuwa birni, gwamnati ta ɗauki nauyin komai. Masu ƙananan raunuka kuma za a ba su tallafi.

Baffa Dikko, ƙanen mahaifinmu, ya zo daga Karare da wannan labari kamar shi ya kafa kwamitin. Shi ne babba a dangi, maganarsa ita ce magana.

"Ke Hinde, mi kika sani?" ya ce da ni. "Gwamnati ta ce za ta ɗauka, ke kina zancen saida injin niƙanki. A jira. Abin ga ba zai wuce kwana biyu ba."

Muka jira. A sati na farko ciwon yana nan ja, ana wanke shi kullum, Rabe yana cije leɓe bai ko yi nishi mai ƙarfi ba. A sati na biyu ƙafar ta kumbura har fatar tana sheƙi. Da yamma zazzaɓi ya rufe shi, haƙoransa na haɗuwa. Wani ruwa mai yauƙi ya fara tsatsafowa ta cikin bandeji, ƙudaje suka same mu, Saude ta wuni da mafici a hannu. Kwamiti kuwa yau za su zo, gobe za su zo, shugaba ya yi tafiya, mota ba mai. Jiran gawon shanu muka yi ta yi, ƙafa tana lalacewa a gaban idonmu.

Ranar da suka zo da gaske, tun da hantsi aka wanke ɗakin maza da ruwan magani, aka ce mata duk su fita baranda, manya za su shigo. Ni da Saude muka fita muka tsaya jikin taga. Baffa ne ya rage a wurin Rabe. Ina kallo ya buɗe jakarsa ya fito da sabon bargo ya lulluɓe ƙafar tun daga ƙugu har yatsu. Ya fesa turare sama da ƙasa. Ya zura masa rigarsa ta Juma'a, ya kafa masa hula, ya tallabe shi ya jingina shi da filo.

Na leƙa na ce, "Baffa, a bar ƙafar a buɗe su gani. Don ita suka zo."

"Ki rufe mini baki," ya ce. "Ba a tarbar manya a kwance. So kike su shigo su ji wari, a ce gidanmu ba mu san mutunci ba?"

Suka shigo da manyan riguna, mai ɗaukar hoto a gaba, wani da takarda a baya. Likita yana can ƙarshen ayari, ba wanda ya waiwaye shi. Gado-gado suke bi, ba inda suka tsaya har a iya shan ruwa. Da suka iso kan Rabe, shugaban ya ɗan ranƙwafa.

"Sannu malam. Ya jiki?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Alhamdu lillahi."

Baffa ya durƙusa ya ƙara da nasa: "Sauƙi sai godiya, ranka ya daɗe. Jiya ma ya ci tuwo."

Tuwon da yake faɗi loma biyu ce, ita ma bai riƙe ta ba. Aka miƙa wa Rabe ambulan, aka ɗauki hoto yana karɓa da hannu biyu, aka kama yatsansa aka dangwala a takarda, suka wuce. Na yi magana ta taga, wani ɗan sanda ya daka mini tsawa ya ce in matsa. Da azahar motar asibiti ta kwashe waɗanda aka samu a sume da waɗanda ciwonsu ke buɗe, har da wani bawan Allah daga Zakka da ke gadon kusa da mu, wanda nasa a damtse ne. Ban yi masa baƙin ciki ba, haƙƙinsa ne. Mu aka aiko mana da buhun shinkafa da jarkar mai. Abin da ke cikin ambulan ɗin a kantin magani ya ƙare kafin sati ya zagayo.

A sati na uku na ɗauki mayafina na tafi ofishin da aka ce kwamitin na zama. Na yi sawu har masu gadi suka san ni. Da ƙyar na ga sakataren, wani mai farin gilashi da ke magana yana danna waya. Na gaya masa an yi kuskure, ƙanena ƙashinsa ya farfashe, likita ya ce sai tiyata. Ya juyo mini da wayar, ga Rabe zaune da hula, kamar mai jiran ɗaurin aure.

"Wannan ne?" ya ce. "Ai shi da bakinsa ya ce da sauƙi, a gaban shugaba. Yana cikin masu ƙananan raunuka, kuma ya karɓi nasa."

Na ce, "Malam, kai ba Bahaushe ba ne? Mahaifinka yana gargarar mutuwa ka ce masa ya jiki, me zai ce maka? Kun zo duba ciwo ko kun zo gaisuwa? Likita yana bayanku, wa ya tambaye shi?"

Ya ce in iya bakina, nan ofis ne ba gidan biki ba. Na ce na ga alama, don a gidan biki ko ba komai ana tambayar mutum abin da ya kawo shi. Aka kira mai gadi ya raka ni waje.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau. Da baƙi ne daga wata ƙasa, da na ce ba su san al'adarmu ba. 'Ya'yan Hausawa ne, a gidajen Hausawa suka tashi, sun san mara lafiya ba ya cewa babu sauƙi. Sun san abin da bargo ke rufewa. Sun dai ga hanyar rage mutum ɗaya ne suka bi ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, Baffa ya tsaga, su kuma suka shige. Mun yi musu kunya, kunyar mara kunya kuwa asara ce.

A cikin kwanakin nan na ji an yi zaman sulhu da masu bindiga a wani ƙauye. An kafa rumfa, an jera kujeru, sun zo rataye da makamansu, an saurari kokensu ɗaya bayan ɗaya. Ban ce kada a yi sulhu ba, ni ma ina so a bar mutane su je gona. Amma wanda ya yi harbi an ba shi kujera an ji ta bakinsa, wanda aka harba ko bargonsa ba a ɗaga ba. Na kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba saboda wannan.

Da dangi suka ga gwamnati ta juya baya, sai kowa ya zama likita. Wannan ta kawo garin bagaruwa a barbaɗa, wancan ya ce zuma, mahaifiyar Saude ta zo da rubutu a galan. Rubutun mun ba shi ya sha, sauran Malama Luba ta hana, ta ce duk wanda ta kama yana kwance bandeji sai ta kore shi daga ɗakin. Baffa kuma ya dage sai an kira wani mai ɗori da ya yi suna a wajen Safana. Na ƙi, aka fi ƙarfina, aka ɗauko tsohon a kan babur. Allah Ya ji ƙan iyayen wannan tsoho. Ya duba ƙafar, ya taɓa yatsun, ya girgiza kai.

"Ni karaya nake ɗorawa," ya ce. "Wannan ƙashi ya zama tsaki, kuma yatsun sun yi sanyi. In na karɓi kuɗinku na ci haram. Ku kai shi inda likita ya ce, yau ba gobe ba."

Ko kuɗin babur bai yarda ya karɓa ba. Shi da bai ci komai a jikinmu ba ya gaya mana gaskiya a zama ɗaya.

Ranar na daina neman izinin kowa. Na sayar da injin niƙan gyaɗata da tumakina. Saude ta fitar da gadonta da kwanukan aurenta. Sarkin Fawa ya tara mahauta aka yi karo-karo, har masu wanke kayan ciki sun sa hannu. Haɗa wannan ya ci mana sati na huɗu cur, don kowa ya san kana cikin matsi sai ya taya kayanka da wulaƙanci. Kafin nan yatsun Rabe sun fara baƙi, ciwon kuma ya daina yi masa zafi. Saude ta yi murna ta ce sauƙi ne ya zo. Rabe ya kira ni kusa ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada ta ji.

"Yaya, ni mahauci ne. Na san warin naman da ya tashi daga aiki. Kada ki wahalar da kanki a kan ƙafar nan, ki nema mini rai kawai."

Na ce ya yi mini shiru, ba shi ne Allah ba. Na fita bayan ɗakin na yi kukana na share fuska na dawo.

A sati na biyar muka isa birni a motar haya, Rabe a kwance a baya, kowane rami sai ya runtse ido. Can ma layi ne: layin kati, layin biya, layin gwajin jini, layin ganin likita. Mun kwana a baranda kafin a ba mu gado. Da babban likitan ƙashi ya kwance bandejin, ɗalibansa suka ja da baya. Bai yi mana faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Ina kuka tsaya?" Na ba shi labarin kwamiti. Ya ce da mun zo a satin farko, ko na biyu, da ƙarfe kawai za a sa. Yanzu ruɓar ta haura gwiwa ta fara shiga jini, in ba a yanke ba Rabe ba zai ga wani watan ba. Rabe da kansa ya ce a yanke.

Sama da gwiwa aka yanke. Bayan an fito da shi, wani ma'aikaci ya kira mu gefe ya miƙo mana ƙafar a naɗe cikin leda, ya ce a je a binne kamar yadda addini ya ce. Baffa yana tsaye, don ya biyo mu daga baya. Na karɓa na miƙa masa.

"Kai ne babba, Baffa. Kai ya kamata ka kai ta."

Ya karɓa. Ya sayi farin ƙyalle ya naɗe ta, ya rungume ta a ƙirji ya tafi maƙabarta shi kaɗai. Da ya dawo ya zauna bakin ƙofar ɗakin bai shiga ba, hawaye na bin gemunsa. Na ji tausayinsa, amma ban ce masa komai ya wuce ba, don bai wuce ba. Shi dai jahilcin mutunci ne ya ja shi, kuma ya ɗauki abin da ya shuka da hannunsa. 'Yan kwamiti kuwa ko labarin ba su nema ba.

Mun yi kusan wata a can. Zazzaɓi ya sauka, dungun ya fara kamewa. Abin da ya fi ba shi wahala ƙaiƙayin tafin ƙafar da babu ita, ya kai hannu zai sosa ya sami katifa. Ya koyi tafiya da sanduna, ya faɗi, ya tashi. Muka dawo Batsari da rai, wannan kam na gode wa Allah. Na gode wa mahautan garinmu, da Malama Luba, da likitocin nan biyu, da tsohon nan mai ɗori. Wanda ya kawo mana ko ƙullin koko ne ban manta shi ba.

Ga abin da nake so duk mai jinya ya riƙe. In an ce manya za su zo duba naku, kada ku share masa jini, kada ku sa masa hula. Ku buɗe ciwon ƙudaje ma su shaida. Ku tsaya kusa da likita ku ja rigarsa sai ya yi magana a gabansu. Kuma kada ku jira alkawarin rediyo in likita ya ce a hanzarta, ku sayar da abin da kuke da shi ku tafi, in ya so a yi rigimar haƙƙi daga baya. Su kuma masu rabon, in da gaske adalci suke so, likita ne zai faɗi girman rauni, ba gaisuwa ba. A koma a sake duba mutum bayan wata ɗaya, don ciwon harsashi ba a ranar farko yake gama nuna kansa ba.

Bayan dungun ya warke, Rabe ya ce in raka shi ofishin nan, ko ganinsa zai sa su sake shawara. Tire ya gagare shi, yara suna ci daga hannuna da na maƙwabta, abin yana cin sa a rai ko da bai faɗa ba. Muka shiga yana dogara sanduna, ƙafar wando ɗaya a naɗe. Sakataren ya gane ni, ya ɓata fuska. Ya dubi Rabe ya ce sannu, Allah Ya ƙara sauƙi, amma zancen masu rauni an rufe shi tuni. Ya ce shi a saninsa ma likitoci ne suka yanke ƙafar, ba ɓarayi ba. Abin da ya rage a hannunsu yanzu diyyar waɗanda suka rasu ce kawai.

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Rabe ya ɗaga mini hannu. Ya gyara tsayuwa a kan sandunansa, ya yi tambaya cikin ladabi, kamar mai tambayar farashin akuya.

"Ranka ya daɗe, to in na mutu yanzu, za a ba yarana?"

Sakataren ya ɗan yi tunani, don shi ya ɗauka tambayar aiki ce.

"Yanzu kam da wuya," ya ce. "Sai a ce ciwo ne ya kashe ka."

Rabe ya gyaɗa kai ya ce ya gode. Muka juyo gida. Ban yafe wa mutanen nan ba, kuma ba zan yafe ba, mu haɗu da su a inda ba a rufe zance. Rabe mai tsoron Allah ne, ban ce zai aikata wani abu ba. Amma na ji muryar da ya yi tambayar nan da ita. Da yamma, yana alwala a tsakar gida, na shiga ɗakinsa na tattara wuƙaƙen sana'arsa duka na kai ɗakina na kulle. Har yau bai tambaye ni inda suke ba.